AURE DA HAIHUWA GA MASU FARFAƊIYA DA SHANYEWAR JIKI: INA IKILISIYA TA TSAYA?

Wurin Karatu: Markus 9:14-29, 2 Sama'ila 9:1-13, 1 Korintiyawa 7:1-5

GABATARWA

A ikilisiyoyi da yawa na Jos da kewaye, kafin a ɗaura aure sai an aika saurayi da budurwa asibiti a gwada jininsu, domin a san matsayinsu game da cutar ƙanjamau da kuma sikila. Wannan tsari ya kare gidaje masu yawa daga baƙin ciki. Amma akwai wata magana da ba a cika kawo ta gaban kwamitin aure ba, sai dai a yi ta cikin raɗa tsakanin dangi, wato cewa yarinyar nan tana faɗuwa, ko kuwa a gidan su yaron akwai mai farfaɗiya. Da zarar raɗar ta bazu, sau da dama neman auren ya mutu ke nan, ba tare da kowa ya tambayi likita ko ya buɗe Littafi Mai Tsarki ba.

Haka kuma akwai ma'aurata da suka shekara ashirin tare, rana ɗaya ɓarin jikin maigida ya shanye, ko uwargida ta ji rauni a laka sanadiyyar haɗarin mota. Masu bi sukan kai musu gaisuwa da abinci da addu'a, amma babu mai tambayar yadda zaman auren kansa yake tafiya, su ma kunya ba ta barinsu su faɗa. Waɗannan 'yan'uwa gaɓoɓin jikin Almasihu ne, kuma hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar. Saboda haka ya dace iyalan Kirista su san abin da Maganar Allah ta koyar, su kuma san abin da Allah ya ba likitoci ganewa a kai.

1. YARON DA YAKE FAƊAWA WUTA DA RUWA

A cikin Markus sura 9, wani uba ya kawo ɗansa wurin Ubangiji Yesu. Yaron yakan faɗi, ya sandare, yana kumfa a baki yana cizon haƙora, kuma sau da yawa abin yakan jefa shi cikin wuta ko cikin ruwa. Duk wanda ya zauna a kan tudun Filato ya san wannan haɗari. A lokacin hunturu iyalai sukan kewaye wuta domin jin ɗumi, mata suna girki a murhu, ga kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajejen Bukuru da Barikin Ladi, inda ake wanki da ɗiban ruwa. Mai farfaɗiya da ba ya shan magani yana rayuwa ne tsakanin wutar nan da ruwan nan.

Akwai abubuwa biyu da Yesu ya yi waɗanda ya kamata a lura da su. Da farko ya tambayi uban tun yaushe abin ya fara, ya saurari labarin ciwon daga bakin wanda ya sha wahalarsa. Bayan haka, sa'ad da yaron ya kwanta kamar gawa, taron jama'a suna cewa ya mutu, Yesu ya kama hannunsa ya tashe shi. Ubangiji bai ja da baya ba don ƙyamar kumfar bakin yaron. Luka ya ƙara da cewa ya mayar da shi ga mahaifinsa (Luka 9:42), wato ya mayar da shi cikin iyali da cikin jama'a.

Gaskiya ne cewa bishara ta faɗa a fili, a game da wannan yaro, ƙazamin ruhu ne yake wahalshe shi. Amma kuskure ne a ɗauki wannan a yanke hukunci cewa duk mai faɗuwa aljani ne a jikinsa. A Matiyu 4:24, inda aka jera marasa lafiyar da aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu kuma dabam. Tun da Nassi ya bambanta su, ikilisiya ba ta da iznin haɗa su a kwando ɗaya. Haka kuma a Yohanna 9:1-3, da almajirai suka nemi sanin zunubin wa ya jawo makantar wani mutum, Yesu ya kawar da laifin daga kansa da kuma iyayensa.

2. MECE CE FARFAƊIYA?

Rashin sani ya fi dare duhu. Ƙwaƙwalwar mutum tana aiki ne da ƙananan saƙonni masu kama da lantarki. Idan saƙonnin suka ruɗe suka taso gaba ɗaya na ɗan lokaci, sai mutum ya fita hayyacinsa, ko ya yi ta fizge-fizge, ko ya yi zuru yana kallon wuri ɗaya. Abubuwan da kan jawo haka sun haɗa da wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, buguwa a kai, shanyewar ɓarin jiki, da ƙwan tsutsar cikin alade da kan shiga jikin mutum ta abinci ko ruwa mara tsabta. A wurin mutane da yawa kuwa ba a gano dalilin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Hukumar ta kuma nuna cewa har mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. A watan Mayu na 2022 ƙasashen hukumar suka amince da wani shiri na shekara goma domin kyautata kula da masu farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a ƙwarya ɗaya, ko kwanciyar aure. Ba hauka ba ce. Akwai nau'o'in da kan bi jini, amma yawancin 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa gadon ta. Idan ciwon ya tashi, abin da ake bukata shi ne a janye mutum daga wuta ko ruwa, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta a gefe. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa mai ko jiƙo, kada a gasa ƙafarsa. In abin ya wuce minti 5, ko matar tana da juna biyu, a garzaya asibiti.

3. GASKIYA KAFIN ƊAURIN AURE

Saboda tsoron kada 'yarsu ta rasa miji, wasu iyaye sukan ɓoye ciwon, har su hana ta tafiya da maganinta gidan aure don kada ango ya gani. Wannan dabara tana da haɗari ƙwarai. Rashin barci da gajiyar biki, haɗe da yanke magani farat ɗaya, su ne ainihin abubuwan da suke tayar da ciwon. Sai amarya ta faɗi a makon farko a gaban dangin miji, abin da ake gudu ya auku, a ƙara da zargin yaudara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ita ma dokar ƙasa tana da magana a nan. Dokar Shari'o'in Aure ta Nijeriya ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ta sa farfaɗiya mai yawan tashi cikin dalilan da kotu za ta iya rushe aure a kansu, idan mai ƙara bai san da ciwon ba a ranar ɗaurin aure kuma ya kai ƙara cikin wata 12. Ingila ta cire irin wannan tanadi daga dokarta a 1971, Indiya kuma a 1999. Ko me za a ce game da dacewar wannan doka a yau, darasinta a fili yake: wanda ya sani tun farko ya kuma yarda, ba shi da wannan hujja.

Mai bi kuwa yana da dalili mafi girma fiye da tsoron kotu. Manzo Bulus ya umarci masu bi su rabu da ƙarya, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya, domin su gaɓoɓin juna ne (Afisawa 4:25). Mutum biyu da za su zama jiki ɗaya ba za su fara da ɓoye wa juna halin jikinsu ba. Sai dai nauyin bai tsaya a kan iyalin mara lafiya kaɗai ba. Mutane suna ɓoyewa ne domin sun ga abin da ya sami waɗanda suka faɗi gaskiya. Idan ikilisiya tana so a daina ɓoyo, wajibi ne ta zama wurin da gaskiya ba ta jawo wa mutum kora. Saurayi yana da 'yancin ya yi tunani ya yi addu'a kafin ya ɗauki wannan nauyi, amma ya yi shawararsa bayan ya zauna da likita tare da budurwarsa, kada ya gina ta a kan tsegumin unguwa.

4. JUNA BIYU, GOYO DA TAZARAR HAIHUWA

Fiye da mata 9 cikin 10 masu farfaɗiya sukan haifi jarirai lafiyayyu. Amma rigakafi ya fi magani, kuma shirin yana farawa ne tun kafin a ɗauki ciki.

Magungunan farfaɗiya ba ɗaya ba ne a wajen mai ciki. Maganin balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, shi ne mafi haɗari ga ɗan tayi. Wajen jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha shi lokacin ciki yakan zo da wata naƙasa a halitta, irin su buɗaɗɗen ƙashin baya, alhali a sauran jama'a abin bai wuce 2 ko 3 cikin 100 ba. Yana kuma iya jawo wa yaro jinkirin magana da koyo. Akwai waɗansu magunguna, kamar lamotirijin da lebetirasitam, waɗanda haɗarinsu ya yi ƙasa sosai. Saboda haka duk budurwa ko matar aure da take shan maganin farfaɗiya ta je wurin likita watanni kafin ta nemi ciki, domin a duba ko za a sauya mata, a kuma fara ba ta ƙwayar folik asid. Idan kuwa ta riga ta sami cikin, kada ta yar da maganin da kanta. Faɗuwa mai tsanani tana iya hallaka uwa da abin da ke cikinta. Ta ci gaba da sha, ta hanzarta zuwa asibiti a wannan makon.

Game da tazarar haihuwa, ma'aurata da yawa ba su san cewa magungunan da aka fi samu a nan, wato kabamazafin da ake kira Tegretol, da finobabiton, da fenitoyin, suna sa hanta ta yi saurin narkar da ƙwayoyin tazarar haihuwa da kuma ashanar da ake sa wa mace a damtse. Mace tana iya shan ƙwayarta kullum, ciki kuma ya shiga, har zargi ya shiga tsakaninta da mijinta. Robar mahaifa da allurar wata uku ba su da wannan matsala. Abin da ake bukata shi ne ta nuna wa ma'aikaciyar jinya duk maganin da take sha.

Mai farfaɗiya ta riƙa zuwa awo a kan kari, ta kuma haihu a asibiti. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da asibitin Jankwano wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1959, wanda yanzu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Ya kamata kuma a bambanta farfaɗiya da jijjiga. Mace mai ciki da ba ta taɓa faɗuwa ba, in ta fara ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska, da gani dishi-dishi, sa'an nan ta kama fizge-fizge, to hawan jinin ciki ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Maganinsa yana asibiti, a yi addu'ar a kan hanya.

Bayan haihuwa, yawancin masu shan maganin farfaɗiya za su iya shayarwa. Rashin barci ne babban abokin gaba, don haka miji ko kaka su karɓi jaririn wani sashe na dare. Uwar ta zauna a tabarma in za ta ba da nono ko ta sauya masa tsumma, kada ta yi masa wanka a baho ita kaɗai, kada kuma ta yi girki da goyo a bayanta. A nan ne Zumuntar Mata take da babban aiki.

5. SA'AD DA CIWO YA ZO BAYAN AURE

Alkawarin da ake yi a gaban bagade ya haɗa da lokacin lafiya da lokacin ciwo. A 1 Korintiyawa 7:3-5 manzo ya koyar cewa miji da mata suna da hakki a kan juna, kada kuma su ƙaurace wa juna sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci. Wannan nassi yana magana da ɓangarori biyu. Lafiyayye ba shi da iznin ya mai da shi bulala ya tilasta wa mara lafiya abin da jikinsa ba zai ɗauka ba. Haka nan ba shi da iznin ya ƙaura zuwa wani ɗaki ya ɗauki abokin aurensa kamar kayan jinya kawai.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan ji tsoro kada saduwa ta sake jawo masa ciwon. Likitoci sun nuna cewa da wuya hakan ta faru ga wanda ya farfaɗo kuma ana kula da hawan jininsa. Abin da ya fi damun irin waɗannan ma'aurata shi ne gajiya, da baƙin ciki, da jin cewa mutum ya zama nauyi. Waɗansu magungunan hawan jini da na farfaɗiya suna rage sha'awa ko ƙarfin namiji. Magidanta da yawa, da sun ga haka, sai su daina shan maganin a ɓoye, ko su koma ga maganin ƙarfin maza na bakin kasuwa wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Duka biyun suna iya kai mutum kabari. Likita yana iya sauya magani in an gaya masa, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye wa kansa magani.

Macen da ta ji rauni a laka, jinin al'adarta yakan ɗauke na waɗansu watanni sa'an nan ya dawo, kuma tana iya ɗaukar ciki ta haihu. Sai dai mai yiwuwa ba za ta ji naƙuda ba, kuma in raunin yana can sama jininta yana iya hawa farat ɗaya, don haka haihuwarta ta ƙwararru ce. Namiji mai irin wannan rauni yakan sami matsalar mazakuta da ta maniyyi, amma akwai taimakon da asibiti ke bayarwa. Inda kuwa saduwa ba ta yiwuwa sam, auren bai ƙare ba. Riƙe hannu, kwana a shimfiɗa ɗaya, hira, da addu'a tare, duk suna cikin zaman jiki ɗaya. Bulus kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu kuwa ita ce alheri mai isarwa (2 Korintiyawa 12:7-9).

6. MEFIBOSHET YA HAIFI ƊA

Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara 5 sa'ad da ya faɗi daga hannun mai renonsa, ƙafafunsa biyu suka gurgunce (2 Sama'ila 4:4). Masu wa'azi sukan tsaya a kan yadda Dawuda ya kawo shi teburin sarki, amma akwai wata aya da ake tsallakewa: 2 Sama'ila 9:12 ta nuna cewa yana da ɗa mai suna Mika, kuma 1 Tarihi 8:34-40 ya lissafta zuriyarsa tsara bayan tsara. Gidan Jonatan ya ci gaba ta wurin gurgu.

A titunan Jos ana ganin waɗanda shan inna ya taɓa suna tuƙa kekunan guragu, da yawa daga cikinsu ƙirar cibiyar Beautiful Gate, wadda Ayuba Gufwan, shi ma wanda shan inna ya taɓa, ya kafa tare da wani abokin aikinsa daga Amurka a 1999. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, sun kai shekarun aure. Shan inna yana raunana tsoka ne, ba ya hana haihuwa, ba a kuma gadonsa.

Akwai kuma wani al'amari mai ɗaci. Yarinyar da ba ta iya gudu, ko ba ta iya magana sosai, ko takan fita hayyacinta bayan faɗuwa, ita ce mugaye suke fakewa su yi wa fyaɗe, domin sun san ba za a gaskata ta ba. Sau da yawa mai laifin na gida ne ko maƙwabci. Littafin Firistoci 19:14 ya hana cutar kurma da makaho, ya kuma haɗa wannan da tsoron Allah. Iyaye su koya wa irin waɗannan yara, maza da mata, sanin jikinsu, da tsabtar al'ada, da cewa ba wanda yake da ikon taɓa su. In abin ya faru, a kai yarinya asibiti cikin sa'a 72 domin a ba ta maganin kariya daga ƙanjamau, a kuma kai ƙara ga hukuma. Rufe maganar don kare sunan gida ko na ikilisiya haɗa kai ne da mai laifi.

7. ABIN DA YA RATAYA A WUYAN IKILISIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shanyayyen da ke cikin Markus sura 2 mutum huɗu ne suka ɗauke shi har gaban Yesu. Waɗanda suka kawo bishara Filato sun haɗa wa'azi da magani, shi ya sa aka buɗe asibitin Vom tun 1922, kuma Bulus bai ji kunyar kiran Luka likita ƙaunatacce ba (Kolosiyawa 4:14). Saboda haka mai hidimar da ya umarci mai farfaɗiya ya zubar da maganinsa don nuna bangaskiya, alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa. Ikilisiya ta yi addu'ar warkarwa da dukan zuciya, ta bar likita ya faɗi ranar da za a rage magani.

Kwamitin aure na kowace majami'a ya nemi likita ko ma'aikaciyar jinya daga cikin masu bi, mai riƙe amana, wadda masu neman aure za su iya gaya wa damuwarsu. Dattawa su duba gidajen da kuɗin magani yake gagara, domin yankewar magani na mako ɗaya yana iya rushe lafiyar shekara. A kuma tuna cewa a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Abin kunya ne dokar gwamnati ta riga gidan Allah buɗe musu ƙofa.

KAMMALAWA

Ba kowane mai farfaɗiya ko shanyayye ne zai yi aure ba, kamar yadda ba kowane lafiyayye ne yake yi ba, kuma zaman rashin aure cikin tsarki yana da daraja a gaban Allah. Amma kada jahilci ko ƙyamar 'yan'uwa su zama abin da ya hana. Uban yaron nan ya zo da bangaskiya mai rauni, ya roƙa a taimaki rashin bangaskiyarsa, Ubangiji kuwa bai kore shi ba. Haka zai karɓi iyayen da suke tsoron makomar 'yarsu, da saurayin da yake auna nauyin alkawari, da matar da ta gaji da jinyar miji.

Allah Uba, wanda ya siffata kowane mutum tun daga cikin uwarsa, ya ba ikilisiyarsa hikima da tausayi, ya ƙarfafa gidajen da suke ɗauke da wannan nawaya, ta wurin Yesu Almasihu Ubangiji. Amin.